Aljihun Mu'awiya a Tsumman Sallah

Wanne ya fi wa uwa sauƙi, ta ci gaba da jiran ɗan da ba zai dawo ba, ko a kawo mata labarin kabarinsa? In kuma mai kawo labarin zai iya rasa ransa a kan faɗar, alhakin shirun a wuyan wa yake? Masu ilimi ba sa rasa amsa. Sai dai a cikinsu babu wanda ya zauna a kujerar da Nafisa ta zauna ranar ashirin da takwas ga azumi, ƙafarta a kan matakin keken ɗinki.

Nafisa tela ce, shekararta ashirin da shida, shagonta ɗan ƙarami a bayan kasuwar Ƙaura Namoda. Daga wani ƙauye na ƙasar Zurmi tashin hankali ya koro su, ita da mahaifiyarta Inna Tambari da yayanta Mu'awiya, ɗan kabu-kabu. Shekara biyu ke nan da Mu'awiya ya ɗauki fasinja zuwa Shinkafi bai dawo ba. Ba gawa, ba babur, ba ko kiran waya daga daji.

Inna ta ƙi karɓar gaisuwar mutuwa. Duk Sallah sai ta cika koren kwanonsa da tuwon shinkafa, ta rufe shi da sabon tsumma, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa. In maƙwabta suka ce a fitar da tuwon sadaka, sai ta ce, "Mamaci aka yi ma sadaka. Ɗana bai mutu ba."

Ɗinkin tsumman kuwa gado ne daga kakarsu, Nafisa ce ke yin sabo duk Sallah. Ƙyallaye ne masu faɗin tafin hannu, bakwai a tsaye bakwai a kwance, daga ragowar ɗinkin Sallah da masu kaya suka yafe. A baya a ɗora tsohon tawul, yadda za a sauke tukunya da shi hannu bai ƙone ba. Dokar kaka guda ce: ƙyallen tsakiya dole ya fito daga tufar ɗan gida.

Bana mutane ba su yi ɗinki sosai ba, ƙyallaye suka yi ƙaranci. Shi ya sa Alamin ya kawo mata ƙunshi jiya, ya ce Dada, mahaifiyarsa, ce ta tattaro tsofaffin kaya ta yayyanka wa "ɗiyarta".

Alamin Bafillace ne daga Jangeru, mai sayar da maganin dabbobi a Kasuwar Daji. Shi ma gudu ne ya kawo su Ƙaura shi da tsohuwarsa. Shekara ɗaya da rabi yana son Nafisa, shekara ɗaya da rabi Inna tana rantsuwa cewa muddin tana numfashi ƙafarsa ba za ta tsallake zaurenta ba.

Da hantsi Nafisa ta kwance ƙunshin. Atamfa, leshi da ya sha jiki, guntun saƙi. Sai ga wata shadda ruwan toka, an yanko ta da aljihu a jikinta.

Ta zura yatsa ta juyo cikin aljihun.

Rawaya ne, da ɗigon baƙi.

Ita ta ɗinka shi. Rigar maza ta farko da ta taɓa yi ke nan. Yadi ya gaza, ta yanki gefen zanen Inna ta yi cikin aljihu da shi, Mu'awiya ya yi ta mata tsiya har wata guda, wai ko'ina ya je Inna tana cikin aljihunsa tana ƙirga laifinsa. Da wannan rigar ya fita ranar da ya ɓata.

A gefen shaddar akwai wani tabo mai duhu da wanki bai iya fitarwa ba.

Bayan azahar Alamin ya tsaya da babur ɗinsa a ƙofar shago, yana murmushi.

"Hajiyar keke, ya ibada? Dada ta ce in tambaya ko tarkacenta sun yi amfani."

Ta ɗora aljihun a kan tebur, rawayar a sama.

Murmushin ya mutu a fuskarsa. Ya dafa ƙyaure.

"Innalillahi. Dada ta buɗe akwatina."

"Alamin, ina yayana?"

"Nafisa..."

"Kada ka kira sunana! Azumi ne a bakinka, azumi ne a bakina. Ina Mu'awiya?"

Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya rage murya don kada masu wucewa su ji.

"Ya rasu. Ni na binne shi."

Ta daɗe da sanin haka a ranta, amma jin maganar da kunne dabam ne. Ta kifa kai a kan keke, kukan ya ƙi fitowa, sai ƙirjinta da ke sama da ƙasa.

"Na dawo daga wata ruga ke nan, na yi wa shanu allura," in ji shi. "Na tarar da shi a gindin marke, nesa da hanya. 'Yan bindigar daji sun harbe shi sun ɗauke babur. Da sauran ransa. Na cire masa rigar na ɗaure ciwon da ita, na ba shi ruwa. Babu abin hawa da zai bi wurin, ni kuma a ƙafa nake ranar. Ya kai la'asar, sannan rai ya yi halinsa. Ni da wani dattijo makiyayi muka yi masa sutura da mayafina, muka sallace shi. Wallahi da kalmar shahada ya cika."

"Ya yi magana?"

"Ya faɗi sunansa. Ya ce Inna Tambari, Ƙaura, ƙanwarsa tela ce. Ya ce in gaya wa Inna maganar da ta yi masa da safe bai riƙe ta ba, ya san tsoro ne ya sa ta. Ya ce ta yafe masa, shi ne ya ƙi jin magana."

A nan kukan ya ɓalle. Babu wanda ya san wannan magana sai su uku: ita, Inna da Mu'awiya. Da safen nan Inna ta hana shi bin hanyar Shinkafi, ya ƙi hanuwa, ta bi shi har zaure tana cewa in ya tafi kada ya dawo mata gida. Kalmarta ta ƙarshe gare shi ke nan.

"Shekara biyu!" in ji Nafisa cikin kuka. "Shekara biyu tsohuwar nan tana cin kanta da wannan kalma, kai kuwa maganin yana cikin akwatinka!"

"Na zo in faɗa. Allah ne shaidata, na zo. Makon da na shigo Ƙaura da rigar a jaka, makon ne aka kashe Fulani biyu a kan zargin suna kai wa 'yan daji labari. Ɗayansu ma nono matarsa ke sayarwa, bai san komai ba. Na tambaya aka nuna min shagonki. Na tsaya a nan, a wurin nan da nake durƙushe. Kika ce, malam lafiya? Bakina ya mutu. Na cire hulata na ce ki gyara min bakinta."

"Hular da babu abin da ya same ta."

"Babu."

"Na yi zaton sona ne ya kawo ka."

"Ranar farko ba shi ba ne. Na koma gida na ce gobe zan faɗa. Goben ta yi, na ga fuskarki, na ƙara jin tsoro. Da farko raina nake tsoron rasawa. Daga baya ke."

"To soyayyar tamu a kan kabarin yayana aka gina ta ke nan?"

Bai kare kansa ba. Hawaye suna bin gemunsa ya ce, "Ki kai wa Inna aljihun. Na gaji, Nafisa. Duk sallar da na yi sai na ga idonsa. Ki sa shi a tsakiyar tsumman, ai kin ce tufar ɗan gida ake sawa."

"Ka haukace? Ka manta da Sadiq?"

Sadiq aminin Mu'awiya ne tun suna yara. Mako guda da ɓatan abokinsa ya shiga 'yan sa-kai, ya yi rantsuwa a gaban Inna cewa duk wanda aka samu da ko igiyar takalmin Mu'awiya ba zai ga wata rana ba. Sau biyu yana aika manya neman auren Nafisa, kuma shi Inna take so.

"Wa zai yarda ka ba shi ruwa ne?" in ji Nafisa. "Bafillace, da rigar mamaci, da jini a jikinta, ya ɓoye shekara biyu. Ba za su bari ka kai ƙarshen zancen ba. Dada fa? Wa zai riƙe ta?"

"In kwanana ya ƙare..."

"Rufe min baki! Na rasa ɗaya, ba zan miƙa na biyu da hannuna ba. Ba zan ɗinka shi ba, ba zan nuna mata ba. Murhu zan jefa shi."

"Saƙon fa? Amana ce ta mamaci."

"Kai ka ɗauko ta, ba ni ba. Tashi ka tafi. Ban yafe maka ba, Alamin, ban kuma san ranar da zan yafe ba. Amma ba na so ka mutu. Tafi."

Ya tashi ya tura babur ɗinsa har kwanar layi bai tayar da shi ba.

Ba ta jefa aljihun a murhu ba. Sau biyu tana tsayawa a kan wuta da shi a dunƙule a hannu, sau biyu tana mayar da shi cikin lalitarta. Washegari ta ƙarasa tsumman. A tsakiya ta sa guntun tsohon kallabin Inna, ta bi gefe da jan zare, ta ɗora tawul a baya. Ya yi kyau. Ita kam ba ta iya kallonsa.

Da la'asar ta koma gida ta tarar da Inna tana tsince shinkafa, fuskarta da wani haske da Nafisa ta daɗe ba ta gani ba.

"Zo nan, ɗiyata. Zamna. Allah ya ji kukana."

"Me ya faru, Inna?"

"Wata mata mai saida daddawa ta hwaɗa mani an ga wani yaro wajen Jangeru, dogo, baƙi, da wushirya. An ce 'yan daji sunka sako shi, hankalinshi ya taɓu, bai san gida ba. Shi na, Nafisa. Jikina ya ba ni."

"Inna, wannan shi ne na huɗu da aka ce an gani."

"Wanga daban ne. Kashegarin Sallah za ni tahi da ƙahwata."

"Hanyar Jangeru? Inna, ko makon jiya an tare mota a hanyar nan!"

"Su tare. Mi za su yi da tsohuwa? Ni nik kore shi da bakina, ni za ni ɗauko shi." Ta share ido da gefen zane. "Ke ba ki san abin da ni ka ji ba. Kullum nik kwanta sai in ji muryata tana hwaɗin kada ka dawo. Uwa ta hwaɗi haka, mala'iku sunka ce amin. In ban gan shi ba nic ce mashi na janye, da wace huska za ni gamu da Ubangijina?"

Nafisa ta ji lalitar tana ƙona mata ƙugu. Ta buɗe baki, sai aka yi sallama a zaure.

Sadiq ne, ya kawo kankana da cefanen Sallah. Ya jingina bindigarsa a zaure kamar yadda ya saba don girmama Inna, ya shigo ya durƙusa.

"Inna, na ji batun tafiya. Ni zan kai ki. Ko wuta ce a hanyar, tare za mu shiga."

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Kin ga mai ƙaunarmu da gaskiya, Nafisa. Ba wanda danginshi sunka raba ni da ɗana ba."

"Inna, Alamin bai taɓa..."

"Kada ki kira sunan ga cikin gidana."

Sadiq ya dubi Nafisa. Ba mugu ba ne a idonta, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro. Ya yi kukan Mu'awiya fiye da 'yan uwa na jini, kukan ne ya daskare ya zama abin da ya zama.

"Ƙanwata, idonki ya yi ja," ya ce. "In wani ne ya ɓata miki rai, suna kawai nake so."

"Zare ne da allura. Ɗinkin Sallah."

"To. Amma ki sani muna lura da mai maganin shanun nan. Yana yawan shiga ruga yana fitowa lafiya. Ranar da na samu hujja ko ta kai ƙwayar gero, ba zan yi shawara da kowa ba."

Aka ga wata. Gari ya ɗauki kabbara.

Nafisa ta yi ta auna abin a ranta har ta rasa wane gefe ne ya fi nauyi. In ta yi shiru, jibi Inna za ta hau hanyar da ta cinye ɗanta, tana neman wanda ke kwance a gindin marke. In ta yi magana, ihu ɗaya Inna za ta yi, Alamin ya zama gawa. Shiru kisa, magana kisa. Ta roƙi Allah ya nuna mata hanya ta uku. Bai nuna mata ba.

Da safe aka sauko daga Idi. Sadiq ya zo gaisuwar Sallah, Inna ta sa aka kai masa tuwonsa zaure, ya zauna yana ci, bindiga a gefensa. Tsakaninsa da tsakar gida taku goma ne da labulen buhu.

Inna ta ɗauko koren kwano ta wanke shi sau uku. Ta malmala tuwo ta zuba, ta zaɓi tsokar da ta fi kowace ta ɗora a kan miya.

"Ba shi son ƙashi," ta ce da kanta. Sannan ta ɗaga murya. "Nafisa, kawo tsumman in ruhe. Bana na ƙarshe ne da za shi huce. Baɗi da zahi za shi ci abinshi."

Nafisa tana cikin ɗaki, tsumman a cinyarta. Ta ji maganar har cikin ƙashinta.

Ta ɗauki reza. Ta farke guntun kallabin da ke tsakiya, zare bayan zare. Ta kwance lalita. Ta zura zare a allura, sai a karo na uku ya shiga saboda hawaye. Ta daidaita shaddar ruwan toka a gurbin, bakin aljihun a sama, ta bi gefe huɗu da ɗinkin hannu, ƙanana ƙanana, irin wanda kaka ta koya mata. Allura ta soke ta, ba ta tsaya ba.

"Ke! Tuwo na hucewa!"

Ta fito ta durƙusa a gaban mahaifiyarta, ta shimfiɗa tsumman a kan kwanon.

"Wanga ba kallabina ba ne," in ji Inna. "Shaddar wa kinka sa mani a tsakiya? Kin manta dokar?"

"Ban manta ba, Inna. Ta ɗan gida ce. Sa hannu a ciki."

Inna ta zura yatsu biyu. Ta juyo rawayar mai ɗigon baƙi. Ta gane zanenta na shekarun baya, ta dubi tabon da ke gefe, ta daɗe tana dubansa.

Nafisa ta riƙe ƙafafunta, ta matso da baki kusa da kunnenta.

"Don girman Allah, Inna, kada ki yi ihu sai kin ji ƙarshe. Rai ne a hannunki. Yaya ya rasu tun ranar. Bai mutu shi kaɗai ba. An ba shi ruwa, ya yi shahada, an yi masa sutura da salla. Kuma ya bar miki saƙo. Ya ce maganar da kika yi masa a zaure bai riƙe ta ba, ya san tsoro ne ya sa ki. Ya ce ke ki yafe masa."

Bakin Inna ya buɗe. Nafisa ta rufe ido tana jiran ihun.

Daga zaure ana jin ƙarar cokali a kwano.

"Wa?" in ji Inna, muryar kamar ta fito daga rijiya. "Wa yab ba shi ruwa?"

"Wanda kika ce kada a kira sunansa."

"Shekara biyu shina kallona ina hauka."

"E. Tsoro ne ya sa shi, Inna."

Inna ta runtse ido da jin kalmar. Hawaye suka gangaro, ba sauti. Ta juya ta dubi labulen zaure.

Sannan ta tura rawayar cikin aljihu. Ta ɗaga tsumman ta kifa shi, tawul a sama, ƙyallayen a ƙasa, ta ɗaure bakin kwanon tam. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗora wa 'yarta a ka.

"Kai mashi. Ki ce ban yahe ba tukuna. Ki ce shi zo bayan la'asar, in wancan ya tahi, shi hwaɗa mani da bakinshi inda ɗana yake kwance."

Hanyar fita ɗaya ce. Nafisa ta ɗaga labule, Inna tana biye da ita.

Sadiq ya ɗago kai. Ya san kwanon. Ya san shekara biyu bai taɓa tsallake zauren nan ba. Ya ajiye cokali a hankali.

"Inna? Ina za a kai kwanon Mu'awiya?"

Inna Tambari ta tsaya tsakaninsa da bindigar, ta dafa bango.

"Ci tuwonka, ɗana," ta ce. "Sadaka ce."